Inda "the" ke shiga a Turanci da inda ba ta shiga

Yaran unguwannin Nima da Mamobi a Accra masu shirin jarrabawar BECE da WASSCE sukan haddace dogon jerin dokoki a kan kalmar "the", amma da sun zauna rubuta wasiƙa sai ta ɓace inda ake buƙatarta, ta ɓullo inda ba ta da gurbi. Abin yana damuna ƙwarai, domin mai jin Hausa ya riga ya san rabin aikin tun yana yaro.

Idan ka ce "na sayi riga a Makola", babu wanda ya san wace riga ce. Da ka ƙara da "rigar ta yi mini kaɗan", wannan -r ɗin ta shaida wa mai sauraro cewa waccan rigar dai ake nufi. Mu a zango -n muke sa wa kusan komai, "rigan", "motan", amma aikin ɗaya ne. Haka Turanci yake yi: "I bought a shirt. The shirt is too small." Tambayar da za ka yi wa kanka kafin kowane suna ita ce: wanda nake yi wa magana ya san wanne nake nufi? In ya sani, sa "the".

Ba dole sai an ambaci abu a baya ake saninsa ba. Cikin trotro, wato motar haya, direba ɗaya ne, yaron mota ma ɗaya, shi ya sa ake cewa "tell the driver", "pay the mate". Haka abin da babu na biyunsa: the sun, the moon, the Qur'an, the Asantehene, the National Chief Imam. Nan ne Hausa ke yaudarar ɗalibi, domin mu "rana ta faɗi" kawai muke cewa, sai ya rubuta "Sun has set". Fifiko da jeri ma suna ɗaukar ta: the best, the first, the 6th of March 1957.

Kuskuren da ya fi wuyar gyara daga wata -n ɗin yake fitowa. Ta cikin "littafin Musa" ta mallaka ce, tana haɗa littafi da mai shi. Yaro ya ji ta, ya zaci "the" ce, sai ya rubuta "the Musa's book" ko "the my father". Turanci ba ya haɗa "the" da my, your, this, that, ko da sunan mutum mai 's, domin waɗannan sun riga sun nuna wanne ake nufi. "Musa's book" ya wadatar. Amma in ka juya jimlar da "of", sai ta dawo: "the door of the house".

Sai magana a kan abu gaba ɗayansa. "Shinkafa ta yi tsada" shi ne "Rice is expensive". In ka ce "The rice is expensive", ka koma kan buhun da ke gabanka a rumfa. Haka "Education is important" da "Children like sweets", ba a sa musu komai. Masu rubutun jarrabawa suna yawan liƙa "the" a irin wannan wuri don suna ganin tana ƙara wa jimla nauyi, alhali ma'anar take canjawa.

Akwai wasu wurare da ma'ana ke rataye a kanta. "Amina goes to school" na nufin ɗaliba ce. "Her mother went to the school" na nufin uwar ta je ginin makarantar, wataƙila ganin malami. "He is in prison" ɗaurarre ne, "he went to the prison" ziyara ya kai. A Turancin Ingila, wanda shi ake koyarwa a Gana, "in hospital" ake cewa ga wanda aka kwantar, Amurkawa kuwa "in the hospital" suke cewa.

Sunayen wurare sai dai a riƙe su rukuni-rukuni. Koguna da tekuna suna ɗauka: the Volta, the Densu, the Atlantic, the Gulf of Guinea. Tafki da dutse guda ba sa ɗauka: Lake Volta, Lake Bosomtwe, Mount Afadja. Ghana, Togo, Kumasi babu komai, amma the Gambia, the Netherlands, the United States, da sunan ƙasar nan kafin samun 'yanci, the Gold Coast. Ana cewa the University of Ghana saboda "of" ɗin da ke ciki, Kejetia Market kuwa haka nan yake. Muƙami shi kaɗai yana ɗauka, the President, amma da ya haɗu da suna sai ta faɗi: President Nkrumah. Gajerun sunayen da ake karantawa harafi-harafi sukan ɗauka, the BBC, the UN, waɗanda ake furtawa kamar kalma kuwa ba sa ɗauka: ECOWAS, UNICEF.

Furuci sauti yake bi, ba harafi ba. Gaban wasali wasalinta yakan koma "i", kamar a the egg da the hour, domin h ɗin hour ba a furta shi. The university kuwa ba ta canjawa, tun da sautin "yu" ne a farkonta.

Malamin da ke son yaransa su kama abin, ya ɗauki sakin layi ɗaya daga jaridar Daily Graphic, ya goge duk "the", "a" da "an" da ke ciki, ya sa su mayar. Duk inda yaro ya sa "the", a tambaye shi ta yaya mai karatu ya san wanne ake nufi, ya ba da amsar da Hausa.