Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Saniyar da Na Mayar Sata

A makon jiya na tsaya a inda aka ɗauke ni tafinta a ofishin babban lauyan gwamnati a Garwa, arewacin Kamaru. Mu dai Maigida muke ce masa, kuma haka zan ci gaba da kiransa.

Mutumin kudu ne. Ya fito daga ENAM, makarantar horar da alƙalai da ke Yawunde, aka turo shi arewa tun lardin yana dunƙule, kafin a raba shi uku a 1983: Marwa, Garwa da Ngaundare. Abokan karatunsa duk sun yi ta neman a mayar da su gida, shi kuwa ya zauna har furfura ta cim masa a bakin Binuwai. A 1993 da aka zaftare albashi, ga faɗuwar sefa a Janairun 1994, an ga manya da yawa sun sauya hali. Shi tsohuwar Peugeot ɗinsa ya ci gaba da turawa.

A kotu ba ya magana sai da Faransanci, don haka na ɗauka ko "sannu" bai sani ba.

Ranar 1 ga Janairun 2007 sabuwar dokar shari'ar laifuka ta fara aiki. A ƙarƙashinta, tsare mutum a hannun jandarma ko 'yan sanda awa 48 ne, ana iya sabuntawa sau ɗaya, abin da ya wuce haka sai da izinin lauyan gwamnati a rubuce. Maigida ya riƙe wannan kamar karatun sallah. Ba zato sai ya ce in ɗauko littafi, mu tafi duba ɗakunan tsaro.

Wata Litinin a watan Afrilu, zafi kamar a soya ƙwai a kan mota, muka iske wani dattijo mahauci da ya kwana shida a wani ofishin jandarma kan saniya. Maigida ya ce in tambaye shi.

"Baba, yaya aka yi?"

"Ɗana, na ɗauka. Tawa ce na ba shi kiwo shekara huɗu, ya hana ni ko ɗan maraƙi, na je na kama abata."

Ni kuma yunwa, ga gajiya, ga takardar jandarma a gabana an riga an rubuta sata. Na juya na ce da Faransanci: ya amsa cewa ya sata.

Maigida ya cire tabarau. Da Hausa, irin ta kasuwa mai gauraye da Fillanci, ya ce, "Malam, ɗauka ya ce. Ina ka samo sata?"

Wallahi da ƙasa ta tsage da na shige. Ashe shekarun nan duk yana jin kowace kalma, har da gulmarsa da muke yi da direba.

Bai yi min faɗa a gaban mutane ba. Ya sa aka sallami dattijon, ya ce rikicin kiwo ne, su je da shaidunsu kotun gargajiya. A mota kuwa, har muka haye gada bai ce uffan ba. Sai a ƙofar ofis ya miƙo min takardar, ya ce in sake rubuta maganar tsohon kalma bayan kalma, in kawo masa kafin la'asar.

Mako mai zuwa: ranar da aka aiko masa da rago daga fada.