Ranar da muka hau da shanu dutsen Bighorn

Laraba, ƙarfe goma na dare.

Sai yanzu duhu ya gama rufewa. A nan Wyoming, a farkon watan Yuli, rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe tara, alfijir kuwa tun kafin ƙarfe huɗu ya keto. Cinyoyina sun yi tsami, bayana na ciwo, amma ba zan kwanta ba sai na rubuta abin da ya faru yau.

Na yi sallar asuba da rigar sanyi biyu a jikina, na fito bakin shinge daidai lokacin da ake koro dawaki daga makiyayarsu ta dare. Tun kafin ka gan su za ka ji ƙasa na rawa. Sun fi hamsin, ba ragama ba komai, tururi na fita daga hancinsu. Kwana huɗu ke nan ina ganin wannan, har yau sai tsigar jikina ta tashi.

Wurin nan gidan kiwon shanu ne na gaske, amma yana karɓar baƙi. Mutum ya biya kuɗin mako guda, a ba shi ɗaki da doki, ya shiga aiki tare da makiyayan. Tsohuwar sana'a ce a wannan yanki. 'Yan gidan Eaton da suka fara ta a Dakota sun dawo gindin dutsen nan kusa da Sheridan tun 1904, a 1926 kuma masu irin waɗannan gidaje suka kafa ƙungiyarsu, lokacin da jirgin ƙasa ke kawo musu masu kuɗi daga biranen gabas.

Dokin da aka ba ni baƙi ne wuluk, shi ya sa nake kiransa Akawal. Irin wanda suke kira Quarter Horse ne, gajere, mai faɗin ƙirji da cikar cinya. Fiɗiyayye ne, kamar kusan duk dawakan aikinsu. Wannan ya ba ni mamaki ranar farko, don a gidan kakana a Katsina ingarma ake ɗaurewa a turke, a ba shi harawa da dusa da kanwa, ana tattalinsa saboda hawan sallah. Sirdinsu na fata ne mai nauyi, ɗaga shi kaɗai aiki ne, yana da ƙaho a gaba inda ake naɗe igiya idan an kama maraƙi. Linzamin kuma sakwa-sakwa ake riƙe shi da hannu ɗaya. Ka jingina igiyar a wuyan doki ta hagu, ya juya dama. Hannuna ya saba da jan linzami har doki ya tanƙwashe wuya yana taku ɗai-ɗai, kuma wannan sabon da na yi ne ya jawo mini matsala yau.

Aikin yau shi ne kai shanu kusan ɗari biyu da 'yan maruƙansu makiyayar bazara a saman dutse. Ƙasar gwamnati ce, ana biyan kuɗi a kan kowace saniya duk wata, su zauna can har sanyi ya fara a sauko da su a koma ba su busasshiyar ciyawa. Shanun Angus ne, baƙaƙe, ba ƙaho ba tozo. Na tuna Fulanin da ke wucewa ta bayan garinmu. Bafulatani yana gaba da sandarsa a kafaɗa, garke na bin muryarsa. A nan daga baya da gefe ake kora, a kan doki, kuma a hankali ƙwarai.

Aka sa ni a baya, inda ƙura take da ƙananan maruƙa da suka gaji. Wajen ƙarfe goma muka iso wani rafi mai sanyin ƙanƙara. Shanun gaba suka tsaya shan ruwa, na baya suka cunkushe. Na ga kamar an makale, sai na matsa da Akawal ina daka musu tsawa. Na ji yana turjewa, na ja linzami na sa masa dunduniya. Nan take wani ɗan maraƙi mai lamba a kunnen hagu ya juya, ya bi ta ƙarƙashin wuyan dokina, ya ɗaga wutsiya ya nufi hanyar da muka fito.

Na juya zan bi shi da sukuwa, sai dattijon da ke jagorantarmu ya ɗaga mini hannu. Mutum ne mai shekara kusan saba'in, ba ya yawan magana. Ya ce in ƙyale shi, in na kore shi zai faɗa wa waya mai ƙaya ne kawai. Maraƙi idan ya rasa uwarsa, wurin da ya yi shan nono na ƙarshe yake komawa ya jira. Bai yi mini faɗa ba. Da ya yi ma da ya fi mini sauƙi, don awa uku na yi ina hawan dutse da wannan maraƙin a zuciyata.

Da muka isa sama ba a saki garken ya watse ba. Muka kewaye su muka tsaya cik, kowace saniya na kuka tana shinshina har ta gano ɗanta. Sannu a hankali hayaniya ta lafa, ya rage saura guda ɗaya, hantsarta cike, tana zagaye tana kuka. Na sauka na yi azahar a kan ciyawa, kukan nan na cikin kunnena.

Dattijon ya ce ni zan fitar da ita daga garke mu koma da ita. Ya ce in nuna wa dokin saniyar, sannan in sauke hannuna a kan wuyansa. Na yi yadda ya ce. Akawal ya shiga tsakanin shanun kamar mai tafiya a kan ƙwai, ya raba ta da sauran. Da ta zabura za ta koma, sai na ji ya sunkuyar da gaba, kunnuwansa sun kwanta, ya tare ta hagu, ya tare ta dama, tun kafin ni in gane inda za ta bi. Abin da na yi kawai shi ne riƙe ƙahon sirdi. Tun ina ɗan shekara takwas nake hawa, ban taɓa jin doki yana tunani a ƙarƙashina kamar yau ba.

Da ta fahimci inda aka nufa, ita ta shige gaba. Muka same shi kwance a gindin wani ɗan kurmi, kusa da ƙofar shingen da muka buɗe da safe, daidai inda dattijon ya ce. Ya miƙe da gudu ya kafa kai a hantsarta, kumfar nono na zuba a ƙasa. Muka bar su nan, gobe a hau da su.

Sai bayan la'asar muka iso gida. Na kwance majayi, na sauke sirdi, na shafa bayan Akawal ko'ina ko akwai kumburi, babu. Na goge masa gumi na daɗe a kai. A kusurwar bakinsa ta hagu na ga ɗan jan tabo inda na fizgi linzami a bakin rafi. Na roƙi man shafawa a barga na sa masa, na kuma tambayi dattijon ko gobe zan iya hawansa da ragama kawai har wurin ya warke. Ya ce ƙarfe shida zai nuna mini yadda ake ɗaura ta.