Na sauka Istanbul da zazzaɓi, akwatina kuma bai iso ba

Tafiyar ta fara ne cikin raha. A wajen binciken kaya aka karɓe kwalbar man shafawata saboda ta wuce mililita 100 da aka ƙayyade wa jakar hannu, na yi dariya na bar musu ita. Daga nan jirgin farko ya makara, na biyun kuma bai jira kowa ba, sai kamfanin ya sauya mana wani tare da alkawarin cewa kayanmu za su biyo mu. Da muka sauka na tsaya inda ake ɗaukar kaya har kowa ya watse, akwatina bai fito ba. Na cike takardar ƙorafi, ma'aikacin ya bayyana mini cikin fara'a cewa a ƙarƙashin Yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda ta shafi sufurin jiragen sama tsakanin ƙasashe, ba a lissafa kaya cikin waɗanda suka ɓata sai an cika kwana 21. Ban gane yadda ya zaci wannan zai kwantar mini da hankali ba, alhali rigar sanyina da magungunana duk suna ciki.

Tun a sama kaina ya fara sarawa, na ɗora laifin a kan bushewar iskar cikin jirgi, wadda danshinta kan yi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari. Kafin in isa otal haƙorana sun fara haɗuwa saboda rawar sanyi.

A Turkiyya kantunan magani suna rufewa da yamma, amma akan bar ɗaya a buɗe a kowane yanki har safe, a manna adireshinsa a ƙofar sauran. Can na je, muka yi magana da mai kantin ta manhajar fassara. Na nemi maganin kashe ƙwayoyin cuta, ta ce ba a sayar da shi sai da takardar likita. Ta tambayi inda na fito, da ta ji sai ta ce lallai in je a gwada jinina, domin zazzaɓin cizon sauro kan bayyana kwana 10 zuwa 15 bayan cizon, kuma likitocin nan ba sa yawan ganinsa, don haka ni ne zan fara ambata musu. Ta ba ni farasitamol da gishirin da ake jiƙawa a ruwa, ta rubuta mini 112, lambar kiran gaggawa, ko da abin zai tsananta cikin dare.

Duk wannan bai tsaya mini a rai ba kamar wayar Umma. Ina shiga ɗaki ta kira, na gyara murya iyakar iyawata. Ta ce, "Kun sauka lafiya?" Na ce, "Lafiya lau, Umma, alhamdulillahi." Ta ce, "Muryarka fa?" Na ce gajiyar hanya ce kawai, har na ba ta labarin kwalbar man don ta yi dariya, ta kuwa yi. Sai ta ɗan yi shiru, sannan ta yi mini addu'a mai tsawo fiye da yadda ta saba, muka yi sallama ina jin daɗin cewa na raba ta da kwanan zullumi.

Ban ajiye wayar ba Yaya ta kira, ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba ta ce, "Umma ta ce ba ka da lafiya, wai zazzaɓi kake yi, in tambaye ka ko ka ga likita." Ashe tun daga kalmar farko ta gane, ta bar ni ina ta ƙoƙarin ɓoyewa, har ta taya ni da dariyar, don kada in ji kunya ko in ƙara damuwa da damuwarta. Ni ina ɓoye mata ciwo, ita tana ɓoye mini cewa ta sani, kuma har yanzu na kasa tantance wanda ya fi wani wahala a cikinmu. Ina ganin ita ce, domin ni ina da magani a hannu da lambar da zan kira, ita kuwa ba ta da abin yi sai jira daga nesa.

Gobe da sassafe zan je gwajin jinin da kayan da na kwana da su a jirgi. Yaya ta ce in turo mata hoton sakamakon kafin azahar, in ba haka ba za ta haɗa ni da Umma a kiran bidiyo, inda babu gyaran muryar da zai yi aiki.