Sakin layin da na cire daga rahoton kwamitin lafiya

A ƙarshen watan nan zan miƙa makullin ofishin kwamitin lafiya na majalisar dokokin jiharmu, bayan shekara tara ina riƙe da alƙalamin kwamitin a matsayin sakatare, ƙarƙashin shugabanni uku. An mayar da ni wani sashe, kuma ban ja da kowa ba, domin sauyin wurin aiki ba baƙon abu ba ne ga ma'aikacin gwamnati. Sai dai akwai abu guda da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wanda nake ganin wajibi ne in faɗa kafin in tafi, musamman ga matasan da ake turowa kwamitoci yanzu, masu zaton aikin sakatare bai wuce rubuta takardar gayyata da ɗaukar bayanan zama ba.

A shekarata ta uku kwamiti ya fita ziyarar gani da ido zuwa wasu cibiyoyin lafiya matakin farko da aka ce an gyara. Kowa a cikinmu ya san yadda ake shirya irin wannan fita. Mu ne muke aika wasiƙa mako biyu kafin ranar, su kuma waɗanda za a je dubawa su zaɓi wuraren, su kawo bas, su zuba mai, su tanadi abinci, a ƙarshe kuma a raba abin da ake kira kuɗin mota. A lokacin ban ga aibun haka ba, saboda haka na taras ana yi, kuma kwamiti ba shi da ko sisin kwabo da zai yi tafiya da kansa.

Cibiya ta uku da muka tsaya tana wani ƙauye mai nisa da kwalta. Cikin watan Maris ne, rana tana dukan tsakiyar kai. Fentin bangon bai gama bushewa ba, har ya shafe mini hannun riga lokacin da na jingina ina rubutu. Zannuwan gadajen sababbi ne fil, da shatin ninki a jikinsu. Yayin da 'yan majalisa suke ɗakin haihuwa ana ɗaukar hoto, ni na leƙa ma'ajiyar magani, na ga kwalaye jibge har kusa da rufi, amma a gefen biyu daga ciki akwai sunan wata cibiya ta wata ƙaramar hukuma daban, an yi ƙoƙarin gogewa bai gogu ba. Firiji yana ta gurnani a kusurwa, wayarsa ta fita ta taga zuwa janaretan da ke bayan wata a-kori-kura.

A nan ungozomar wurin ta same ni. Dattijuwa ce, ta kusa ritaya. Ta rage murya ta ce, "Malam, buɗe firijin nan ka taɓa robobin ƙanƙara." Na taɓa, na ji ruwa ne tsagwaronsa. Ta ce, "Da safen nan aka kawo janareta. Allurar tsayar da jini wata uku tana cikin durowa. Waɗannan ma'aikata biyu da ka gani aro ne, ni kaɗai ce a nan. Don girman Allah kada ka ambaci sunana."

Allurar da take nufi ita ce oksitosin, wadda ake yi wa mace da zarar ta haihu domin mahaifa ta tsuke, jini ya tsaya. Ana so a ajiye ta a sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8, kuma idan ta daɗe cikin zafi irin namu ƙarfinta yana raguwa ba tare da kamanninta sun sauya ba. Zubar jini bayan haihuwa kuwa yana sahun gaba cikin abubuwan da ke kashe mata a ƙasar nan. Duk wannan na rubuta shi dalla-dalla a daftarin rahoto, a sakin layi na huɗu, tare da shawarar a gayyato kwamishinan lafiya da shugaban hukumar lafiya matakin farko su yi bayani, a kuma koma cibiyar ba tare da sanarwa ba.

Ciyaman ɗin kwamiti ya kira ni ofishinsa washegari. Ya ɗora yatsa a kan takardar ya ce, "Malam sakatare, wannan sakin layin ka cire shi. Kwamishina namu ne, za mu gan shi a gefe." Na ce, "Ranka ya daɗe, abin da muka gani ke nan." Ya dube ni ya ce, "Kai ka gani. Kwamiti bai gani ba." Ban ƙara cewa uffan ba. Na koma teburina na goge, na rubuta a gurbinsa cewa kwamiti ya yaba da ƙoƙarin da aka yi, yana kuma kira da a ƙara ƙaimi wajen adana magunguna. Aka gabatar da rahoton a zauren majalisa, aka amince da shi ba tare da muhawara ba.

Da damina ta yi nisa, wani dare wayata ta yi ƙara. Ungozomar ce. Ta ce wata yarinya ta haihu, haihuwar fari, jini ya ɓalle, ta yi mata allurar har sau biyu bai tsaya ba. Babu motar ɗaukar marasa lafiya, ruwa kuma ya cinye hanya, aka ɗora ta a amalanken shanu, kafin a kai bakin kwalta rai ya yi halinsa. Ta ce, "Ban kira ka don ka yi wani abu ba, Malam. Na kira ne don ka sani." Na yi imani kwana idan ya ƙare babu mai ƙara shi. Amma na kuma san cewa hannuna ne ya goge layin da ke cewa allurar nan ba ta da sanyi, kuma ba a sa mini wuƙa a wuya ba.

Da na nemi ciyaman ya amince a sake komawa, bai ƙi a baki ba, sai dai daga ranar aka daina sa sunana a jerin masu fita ziyara har wa'adin majalisar ya ƙare, aka riƙa tura wani ƙaramin ma'aikaci ya ɗauko bayanai, ni kuma in sa hannu. An kai ƙarata wurin akawun majalisa cewa ina yi wa 'yan adawa aiki. Har yau ban taɓa riƙe katin wata jam'iyya ba, kuma har yau ciyaman ɗin nan idan muka haɗu a wurin ɗaurin aure yakan miƙo mini hannu kamar babu abin da ya taɓa faruwa. Nakan karɓa, amma ban mance ba.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne ba rashin iko ne ya ɗaure mu ba. Sashe na 128 da na 129 na kundin tsarin mulkin 1999 sun ba majalisar jiha ikon binciken duk wata ma'aikata ko hukuma da take ware wa kuɗi, da ikon kiran kowane mutum ya ba da shaida bisa rantsuwa, ya kawo takardu, har da ikon ba da takardar kamo wanda ya ƙi amsa kira. Irin ikon da sashe na 88 da na 89 suka ba majalisar tarayya ke nan. Tsarin mulkin ya faɗa ƙarara cewa ɗaya daga cikin manufofin ita ce bankaɗo cin hanci da sakaci da almubazzaranci. Ikon yana nan a takarda, amma in baki ya ci, ido kan ji kunya, kuma kwamitin da ya hau motar wanda zai bincika ya riga ya sayar da rabin idonsa tun kafin a tayar da injin. Shi ya sa lokacin da ma'aikatan majalisun jihohi muka shiga yajin aiki a 2021 kan cin gashin kan majalisa ta fuskar kuɗi, wanda gyaran tsarin mulki na 2018 ya riga ya tanada, ni ba maganar alawus ce ta fi damuna ba. Burina kwamiti ya samu kuɗin man da zai kai shi ƙauye ba tare da ya roƙi kowa ba.

Darasi na biyu a wurin kare kasafin kuɗi na koye shi. A watan Afrilun 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja cewa za su riƙa ware aƙalla kashi 15 cikin ɗari na kasafinsu ga lafiya, kuma gwamnatin tarayya ba ta taɓa cika wannan alkawari ba. Wasu jihohi kan yi shelar sun cika, a yi ta tafi. Amma warewa daban, sakin kuɗi daban. Shekara da shekaru muna zama da jami'ai muna tafka muhawara kan adadin da za a rubuta na baɗi, ba wanda ke tambayar nawa aka saki daga na bara. Daga baya na ɗauki al'adar shirya wa kowane ɗan kwamiti takarda shafi ɗaya tak: abin da aka ware, abin da aka saki, abin da aka kashe, layi-layi. Ranar da wani ɗan majalisa ya fara karanta ta da ƙarfi a gaban babban sakataren ma'aikatar lafiya, ɗakin ya yi tsit.

Haka abin yake game da Asusun Kula da Lafiya Matakin Farko. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce a riƙa zuba masa aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya: rabi ya tafi ga inshorar lafiya, kashi 45 ga magunguna da kayan aiki da ma'aikatan cibiyoyin matakin farko, kashi 5 ga agajin gaggawa. Sai a kasafin 2018 aka fara sa kuɗin, sama da naira biliyan 55, kuma majalisar tarayya ce ta matsa aka sa, wanda ya nuna abin da majalisa za ta iya idan ta ga dama. Dokar ta ɗora wa jihohi ba da nasu kason kafin su amfana. Tambayar ko jiharmu ta biya nata, da ko kuɗin yana isa asusun cibiyar da ke ƙauye, ita ce ta fi kowace tambaya muhimmanci a kwamitin lafiya na jiha, amma ita ce aka fi tsallakewa. Yawancin 'yan majalisa gini suke so a mazaɓarsu, domin gini ake buɗewa a yanka ƙyalle. Albashin ungozoma ta biyu da batirin firiji mai aiki da hasken rana ba su da ranar buki, su ne kuwa ke tsayar da jini da tsakar dare.

Sauran darussan gajeru ne. Ka riƙe kwafin duk daftarin da ka rubuta, da kwanan wata. Kada ka karɓi amsar baki daga jami'i a kan abin da yake da takarda. Shawarar da majalisa ta amince da ita, idan ba a sa mata wa'adi ba, ta mutu tun a zaure. Sannan ka yi magana da mai gadi da mai shara, domin su ne suka san ranar da aka kawo kwalaye da ranar da aka kwashe su.

Ba zan ce duka shekarun asara ba ne. A 2023, lokacin da cutar mashaƙo ta addabi jihohin Arewa, na samu ciyaman mai sauraro. Muka fita mu huɗu a motarsa, ba wasiƙa, ba 'yan jarida, muka duba rajistar rigakafi a cibiyoyi da dama, muka taras da shafuka babu komai na watanni. Abin da muka gani shi na rubuta, ba a cire ko harafi ba, aka gayyato jami'ai, aka ba su wa'adi, kuma muka koma muka duba. A wannan zagaye na roƙi a biya ta ƙauyen nan. Ungozomar ta yi ritaya. An kafa farantin hasken rana a rufin, firiji yana aiki, na buɗe na taɓa robobin na ji ƙanƙara.

A cikin fayil ɗin da zan miƙa wa wanda zai gaje ni na sa daftarin farko na wancan rahoto, da sakin layi na huɗu yadda na fara rubuta shi, na liƙa shi kusa da wanda majalisa ta amince da shi. A bayan fayil ɗin kuma akwai jerin cibiyoyin da ba a taɓa kai kwamiti ba a cikin shekara taran nan, na fara da waɗanda hanyarsu ke yankewa da damina.