Wasiƙa daga Edmonton: Abin da Ke Kai Ƙungiyar Hoki ga Ɗaukar Kofi

Assalamu alaikum 'yan'uwa da abokan arziki na gida,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ina rubuto muku daga Edmonton, hedikwatar lardin Alberta da ke yammacin Kanada, a wannan wata na Yulin 2025, makonni kaɗan bayan garin ya sake kwana cikin baƙin ciki. Ƙungiyar garin ta wasan hoki na kan ƙanƙara, wato Edmonton Oilers, ta kai karawar ƙarshe ta neman kofin Stanley shekara biyu a jere, kuma duka biyun ƙungiya ɗaya ce ta tare mata hanya, wato Florida Panthers ta Amurka. Abin da ya fi yi wa mutanen nan ciwo, ni ma da na zauna cikinsu har wasan ya shiga raina, shi ne kyaftin ɗinmu Connor McDavid, wanda kusan kowa ya yarda babu kamarsa a duniyar hoki yanzu, yana tare da mu, ga kuma Leon Draisaitl ɗan Jamus a gefensa, amma kofin ya tafi wani gari da ƙanƙara ba ta sauka. Tun daga ranar nake juya maganar a raina, kuma abin da na fahimta shi nake so in ba ku.

Dole in fara da yadda wasan yake, domin amsar tana cikin tsarinsa. Ana yin sa a kan daskararriyar ƙanƙara mai tsawon ƙafa 200 da faɗin ƙafa 85, 'yan wasa suna zamiya a kan takalma masu siririn ƙarfe a ƙasa, suna kora wani ɗan faifan baƙar roba da sanduna zuwa raga. Kowane ɓangare mutum shida ne a fili, wato uku a gaba, biyu a baya, sai mai tsaron raga, kuma ana yin zango uku na minti ashirin-ashirin. Gudun da ake yi ya kai yadda ɗan wasa ba ya iya ɗaukar fiye da kusan daƙiƙa arba'in da biyar kafin ya fita ya huta wani ya shigo, ba tare da an tsayar da wasa ba. Saboda haka kowace ƙungiya tana zuwa da mutum ashirin, 'yan gaba a sahu huɗu, 'yan baya a sahu uku, da masu tsaron raga biyu. Ma'anar wannan ita ce, komai gwanintar ɗan gaba, a yawancin wasanni bai cika wuce minti ashirin da 'yan kai a fili ba daga cikin sittin. Ku da kuka saba da ƙwallon ƙafa, inda gwani ke cika minti casa'in yana jiran damarsa, ku lura da wannan bambanci: a hoki gwaninka yana zaune a benci fiye da rabin lokaci, kuma a wannan lokacin mutanen da ba a sayen riga mai sunansu ne ke riƙe da makomar ƙungiya.

Sannan ga tsarin gasar. Ƙungiyoyi 32 ne a gasar NHL, wato babbar gasar hoki ta Amurka da Kanada, bakwai daga cikinsu a Kanada, kowace ta buga wasa 82 daga Oktoba zuwa Afrilu, kafin a tace 16 da za su nemi kofin da Lord Stanley, gwamna janar na Kanada, ya bayar a 1892. Daga nan ba a fitar da kowa da wasa ɗaya. Ƙungiyoyi biyu za su yi ta karawa da juna, yawanci ana tsallake kwana ɗaya tsakani, har sai ɗaya ta ci huɗu daga cikin bakwai, kuma zagaye huɗu ake yi irin wannan, wato nasara 16 cikin kusan wata biyu. Idan an tashi kunnen doki babu bugun raba gardama, sai dai a ci gaba da ƙarin zango na minti ashirin har wani ya ci. A wasa ɗaya sa'a tana iya ɗaga rago sama da gwani, amma wanda zai fuskance ka sau shida ko bakwai cikin mako biyu zai haddace ka, ya san ɗan bayanka da ke tsoron karo, ya san ɓangaren da golanka ke da rauni, ya kuma yi ta dannawa a wurin har ya fashe.

Shi ya sa bajintar da aka yi a tsawon kaka ba ta ba kowa tabbaci. Tampa Bay ta ci wasa 62 a kakar da ta ƙare a 2019, amma Columbus ta fitar da ita a zagayen farko ba tare da ta ci ko ɗaya ba. Boston ta kafa tarihi da nasara 65 a 2023, ta kuma faɗi a zagayen farko a hannun Florida bayan ita Boston ɗin tana gaba da wasa uku da ɗaya. Ita kanta Florida ta ɗanɗana wannan a 2022, lokacin da ta fi kowa maki da yawan cin ƙwallo a kaka, sannan Tampa Bay ta share ta huɗu ba ko ɗaya a zagaye na biyu. Abin da shugabanninta suka yi bayan wannan kaye shi ne, a ganina, mafarin kofuna biyun da suka ɗauka. Manajan ƙungiyar, Bill Zito, ya rabu da Jonathan Huberdeau, wanda yake da hannu a ƙwallaye 115 a wannan kakar, ya haɗa da MacKenzie Weegar ya ba Calgary domin ya karɓo Matthew Tkachuk, ɗan wasa mai son cakuɗa a bakin raga. Ya kuma ɗauko Paul Maurice a matsayin koci, wanda ya sauya salon ƙungiyar daga wasan ƙawa zuwa wasan matsi: a jefa faifan can kusurwar abokan hamayya, a bi shi a guje, a bangaji ɗan bayan da ya je ɗauka, a maimaita. Bangaza ɗaya ba ta komai, amma ɗan bayan da ya sha ta tun wasan farko, kafin a kai na biyar ya fara rabuwa da faifan da gaggawa, kuma daga gaggawa ake samun kuskure. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma Florida ta fafe nata tun shekara biyu kafin ta ɗaga kofi.

Akwai kuma batun kuɗi, wanda ya bambanta da abin da kuka sani a ƙwallon Turai. Tun 2005 gasar ta sa iyaka ga jimillar albashin da ƙungiya za ta biya, kuma a kakar da ta wuce iyakar dala miliyan 88 ce, alhali McDavid shi kaɗai yana ɗaukar miliyan 12.5. Mai kuɗi ba zai iya tara gwanaye yadda ya ga dama ba, sai dai ya iya tsinto mutanen kirki da araha. Gustav Forsling ɗan Suwidin, wanda ya zama ginshiƙin bayan Florida kuma aka riƙa ɗora masa tsaron manyan 'yan gaban duniya, Carolina ce ta sake shi a farkon 2021, Florida ta ɗauke shi ba tare da ta ba da kowa a madadinsa ba.

Karawar 2024 ita ce ta fi tsaya mini a rai. Florida ta ci wasa uku na farko, kowa ya ɗauka an gama, sai Edmonton ta farka ta ci takwas da ɗaya, ta ci biyar da uku, ta ci biyar da ɗaya, har aka fara maganar Toronto ta 1942, ƙungiya ɗaya tilo da ta taɓa dawowa daga irin wannan rami a karawar ƙarshe. McDavid ya kammala wasannin neman kofi na wannan shekara da hannu a ƙwallaye 42, ciki har da 34 da ya bayar aka ci, yawan bayarwar da ya zarce tarihin da Wayne Gretzky, tsohon gwanin Oilers, ya kafa. Amma a wasa na bakwai, ranar 24 ga Yuni, Florida ta manna masa kyaftin ɗinta Aleksander Barkov ɗan Finlan, wanda ya shahara wajen hana gwanaye sakat, tare da Forsling, kuma McDavid bai ci ba, bai bayar an ci ba. Ƙwallon da ya raba gardama ma daga aikin ɗan baya ya faro: faifan yana yawo a bakin ragar Florida, saura ƙiris ya shiga, sai Dmitry Kulikov ya share shi gefe, kafin a ankara an kai shi ɗaya ƙarshen, Sam Reinhart ya ci, aka tashi biyu da ɗaya. An ba McDavid kyautar Conn Smythe ta gwarzon wasannin neman kofi duk da an doke ƙungiyarsa, abin da ba kasafai ake yi ba, amma bai fito ya karɓa ba, ya zauna tare da abokan wasansa a ɗakin sauya kaya. Ban ga laifinsa ba ko kaɗan.

A bana darasin ya fi fitowa fili. A watan Maris Florida ta karɓo Brad Marchand daga Boston, inda yake kyaftin, ta kuma ajiye shi a sahu na uku tare da Anton Lundell da Eetu Luostarinen. Mutum mai shekara 37 da ya saba zama kan gaba ya yarda da wannan matsayi, sannan ya ci ƙwallo shida a karawar ƙarshe, har da wanda ya kashe wasa na biyu a ƙarin zango na biyu. Kocinmu yana iya shirya wa sahun Barkov, yana iya shirya wa sahun Sam Bennett, wanda ya ci 15 a wasannin bana ya kuma karɓi kyautar gwarzo, amma ba shi da mutanen da zai tare sahu na uku da su. Wasa biyun da Edmonton ta ci duka a ƙarin lokaci ne, kuma duka Draisaitl ne ya ci na ƙarshe, wato sai da gwani ya yi abin mamaki kafin mu tsira, yayin da Florida ta ci shida da ɗaya, biyar da biyu, da biyar da ɗaya a ranar 17 ga Yuni, ƙwallayen suna fitowa daga sahu daban-daban.

Ba zan tsallake mai tsaron raga ba, domin shi kaɗai ne ke cika minti sittin a fili, kuma kuskurensa ɗaya yana iya rushe aikin mutum goma sha tara. Sergei Bobrovsky ɗan Rasha, wanda shi ne ma ya tsare wa Columbus raga lokacin da ta kunyata Tampa Bay, ya hana Edmonton cin ko ɗaya a wasan farko na 2024 duk da ita ce ta fi kai hari, kuma Florida ba ta taɓa tambayar kanta wa zai fara tsaron raga gobe ba. Mu kuwa a bana an cire Stuart Skinner a wasa na uku da na huɗu, aka fara na biyar da Calvin Pickard, aka dawo da Skinner a na shida. Mutanen Montreal har yanzu suna tuna 1993, shekarar ƙarshe da ƙungiyar Kanada ta ɗauki kofin, da yadda suka ci wasa goma a jere a ƙarin lokaci Patrick Roy yana tsaye a raga.

Wataƙila wasunku sun taɓa jin sunan Jarome Iginla, haifaffen wannan gari wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne. Ya ci ƙwallo 625 a gasar, ya jagoranci Calgary zuwa karawar ƙarshe a 2004, aka doke su biyu da ɗaya a wasa na bakwai a Tampa, ya kuma yi ritaya ba tare da an zana sunansa a jikin kofin ba. Idan na tuna shi sai in ji tsoron kada McDavid ya bi sahunsa.

Sauran abin da ya rage shi ne jimiri, wanda ba ya fitowa a lissafi. Ƙungiyoyi suna ɓoye raunukan 'yan wasansu har sai an gama, sannan a ji abin da ake ɗauke da shi. Tkachuk ya buga wasa da karyayyen ƙashin ƙirji a karawar ƙarshe ta 2023, wadda Vegas ta doke Florida cikin wasa biyar, kuma a bana ya buga da tsagaggiyar tsokar cinya. Ba na yaba wa tsarin da ke sa matashi ya yi wa jikinsa haka, domin wasu suna biya har tsufansu, amma ba zan ɓoye muku cewa haka ake cin kofin ba. Dattawan garin nan suna yawan kawo labarin da Gretzky da kansa ya sha bayarwa game da 1983, lokacin da New York Islanders ta doke matasan Oilers huɗu ba ko ɗaya. Ya wuce ta ƙofar ɗakin waɗanda suka yi nasara yana tsammanin shewa da murna, sai ya tarar da su zaune a gajiye suna ɗora ƙanƙara a kan raunuka, alhali shi da abokansa jikinsu garau. Shekara mai zuwa, 1984, Edmonton ta sake haɗuwa da Islanders ta doke ta, ta ɗauki kofi biyar zuwa 1990, na ƙarshen ma bayan an sayar da Gretzky ga Los Angeles.

Wannan labari shi muka riƙe a bara, muna cewa bana ce 1984 ɗinmu, amma abin bai zo haka ba. A watan Oktoba za a sake buɗe Rogers Place, filin wasan ƙungiyarmu, kuma abin da zan fara dubawa shi ne wanda aka tsayar a raga da mutum ukun da aka haɗa a sahu na uku. In Allah ya kai mu, zan rubuto muku abin da na gani.

Ku gaida mutanen gida baki ɗaya. Wassalam.

Ɗan'uwanku a Edmonton