Alhamis, tsakanin Gumel da sito

Yau na gama haɗa wa Alhaji mai riɗi intanet ɗin wuraren kasuwancinsa biyu. Ofis yana cikin Gumel, sito kuma a wani ƙauye kan hanyar Maigatari. Da gangan na zaɓi Alhamis, ranar kasuwar Maigatari, don ranar ce sabis ke shaƙewa, POS ya yi ta juyawa, manomi na tsaye da buhunsa yana jiran alat.

Kowane wuri da rawutarsa ta MikroTik, wato na'urar da ke raba intanet, da layinsa, kuma na dage kada layukan biyu su zama na kamfani ɗaya. In hasumiyar kamfani guda ta ɗauke, me layi biyu zai tsinana? Tsakanin wuraren kuma faifan rediyo ne na Ubiquiti mai 5GHz, don in layin wuri ɗaya ya mutu ya ari na ɗayan, kuma dole faifai ɗaya ya hango ɗaya ba shamaki. Na sito a kan tankin ruwa muka ɗaura shi. Wani reshen darbejiya ya tare hanya, sai da aka nemi iznin mai gona kafin yara su sare.

Inda aikin yake shi ne koya wa rawuta gane cewa layi ya mutu. A nan karkara ba kasafai sabis ke ɓacewa gaba ɗaya ba. Za ka ga sanduna cike, alamar 4G na nan, amma data ko motsi. In rawuta modem ɗin da ke gefenta kawai take tambaya, kullum amsa lafiya lau ce, ba za ta taɓa sauya hanya ba. Don haka na sa ta riƙa ƙwanƙwasa ƙofa can nesa, adireshin intanet 8.8.8.8 na Google, ta layin gida kaɗai. Duk daƙiƙa 10 take aika ping, wato ɗan saƙon gwaji mai jiran amsa. In ta ji shiru sau biyu a jere, sai ta karkata komai ta rediyo zuwa layin ɗaya wurin. A jerin fifiko, layin gida na ba shi lamba 1, na maƙwabci 2, saboda haka da ya farfaɗo za ta komo da kanta.

Bayan la'asar na zare layin sito a gaban Alhaji. Ya ce, "Malam, kada ka tsayar min da ciniki fa."

Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba shi rabin minti."

Yaron awo ya sa kati, rasit ya fito. Alhaji bai ce uffan ba, sai ya aika a kawo min fura.

Abin da bai kwanta min ba batirin solar sito ne, ya tsufa, ba ya kai asuba. In ya mutu, rediyo da rawuta duk sun tafi tare. Na rubuta masa kuɗin sabo, ya ce a bari sai an sayar da zoɓo.