Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Shago ko Kotu

A makon jiya na tsaya a inda sakamakon WAEC ya fito. To, fitowarsa ba ta kawo mini hutu ba, domin daga nan gidanmu ya rabu biyu a kan abin da zan cike a fom ɗin JAMB na 2006.

Kowa ya ɗauka Baba zai ce kasuwanci, tunda a Kantin Kwari ya yi furfura yana sayar da atamfa da shadda. Sai ya ba mu mamaki. Ya ce, "Kasuwa kuma? Wa zai koya wa Bakano ciniki a aji? Ka zauna a shago damina ɗaya, ka fi mai digiri." Abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya takarda ce. An taɓa tashinsa daga wani shago saboda yarjejeniyar haya da ya sa wa hannu bai san abin da ke ciki ba, kuma ciwon bai bar shi ba. Lauya yake so a gidansa.

Inna kuwa ta ce sam. A wurinta lauya shi ne mai tsaya wa ɓarawo a kotu don kuɗi, kuma kullum sai ta tuna mini hadisin nan na alƙalai uku, biyu a wuta. Na ce, "Inna, ai lauya daban, alƙali daban." Ta ce, "Duk kanwar ja ce."

Kawu, ƙanin Inna, lissafi ya kawo, kuma gaskiya hujjarsa ta fi ta kowa nauyi. Digirin shari'a shekara 5 ne, sai shekara guda a makarantar horar da lauyoyi, ko da reshenta na Bagauda da ke nan jihar Kano aka tura ka, sai bautar ƙasa. Shekara 7 ke nan, idan malaman jami'a ba su tafi yajin aiki ba, kafin ka fara ɗaukar wa babban lauya jaka a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Kasuwanci shekara 4 ne. Ya ce, "Alhaji, Kwari ta canja. Yanzu kaya daga Sin da Dubai suke zuwa. Ana neman wanda ya san banki da canjin dala da kwastam."

Ni dai ban da bakin magana sosai. Ina da kiredit a lissafi da tattalin arziki, ina kuma da shi a adabin Turanci, wanda idan babu shi ba a ko kallon mai neman shari'a. Da na faɗi a ɗaya daga cikin darussan nan da an huta.

Limamin unguwarmu ne ya raba gardamar. Ya gaya wa Inna cewa a Jami'ar Bayero ana haɗa dokokin da aka gada daga Ingila da shari'ar Musulunci a digiri ɗaya: aure, ciniki, rabon gado. Da ta ji gado sai ta yi shiru, domin ita ma an danne mata gonar mahaifinta a ƙauye. Washegari ta kira ni ɗakinta ta ce, "Ka cike. Amma kada in ji ka tsaya wa azzalumi."

Kawu bai sake taka gidanmu ba sai da sallah.

Mako mai zuwa zan ba ku labarin jarrabawar tantancewa ta jami'a, wadda shekararta guda da farawa a lokacin, da yadda sunana ya ɓace a jerin farko.